Sharhina a kan sabis ɗin IERS, masu auna tangaɗin duniya: kyauta ne amma sai mai haƙuri

Sabis ɗin da zan yi magana a kansa sunansa IERS, wato hukumar ƙasa da ƙasa mai auna juyin duniya, kuma bari in faɗi makin da na ba shi tun yanzu kar wani ya gaji kafin ya kai ƙarshe: ta wajen inganci da cika alkawari tara cikin goma, ta wajen sauƙin shiga ga sabon hannu kuwa huɗu ma don dai ina da kara ne. Ni aikin safiyo nake yi, kuma duk wanda ya taɓa zama ya sarrafa bayanan GPS na manyan wuraren awo, irin waɗanda ake so su yi daidai har zuwa santimita, to ya ci arzikin mutanen nan ko ya sani ko bai sani ba, don manhajar da yake amfani da ita ce take zuwa ta kwaso lambobinsu ta bayan gida. Wani babban aikinsu shi ne su riƙa gaya wa duniya kullum ta Allah inda sandar juyawarta take da kuma ko ta yi sauri ko ta yi jinkiri a juyin ranar. Idan na ce sanda ina nufin wancan layin da ba a gani, wanda ya ratsa duniya daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, wanda take juyawa a kansa. An kafa su a 1987, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 1988, kuma ba ofis ɗaya ba ne, babban ofishin gudanarwa yana Frankfurt a Jamus, cibiyar haɗa lissafin ƙarshe tana gidan duban taurari na Paris, masu fitar da bayanan gaggawa da hasashe kuma suna gidan duban taurari na sojan ruwan Amurka a Washinton. Ko sisi ba a biya, ba sai ka yi rajista ba, ba talla, ba wanda zai ce maka ka sayi babban kunshi kafin a buɗe maka sauran, wanda a wannan zamanin kam abin a jinjina musu ne.

To me ake aunawa takamaimai? Nan ne mutane suke cakuɗa abubuwa, don motsin sandar nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda take yi idan ka kwatanta ta da taurari, tana zana wani ƙaton da'ira a sararin sama wanda sai ta shafe kusan shekara 26,000 kafin ta rufe shi, shi ya sa tauraron da muke kira na arewa yanzu ba shi ne na arewa ba a zamanin da ake gina dalar Masar, lokacin wani ne mai suna Thuban. A kan wannan kuma akwai ƙaramin kaɗa kai na shekara 18.6 wanda wata yake jawowa, James Bradley ne ya sanar da shi a 1748. Waɗannan biyun ana iya lissafa su tun kafin su faru saboda jan rana da wata ne, kuma an san tafiyar rana da wata. Na ukun ne ɗan rigima, kuma shi ne ya sa dole a ajiye mutane suna awo dare da rana: ita kanta ƙasar tana tangaɗi a jikin sandar. Wato in da za ka je ƙuryar arewa ka kafa turke a daidai inda sandar ta ɓullo yau, in ka dawo bayan wata uku sai ka tarar ta bar turken naka da 'yan mitoci, kuma ba wani lissafi da zai gaya maka daidai inda za ta kasance baɗi, sai dai a auna.

Tarihin abin ma yana da daɗin ji wallahi. Leonhard Euler tun a 1765 ya zauna da alƙalami ya ce in dai duniya ƙanƙararren dutse ce da ba ya lanƙwasa to ya kamata ta riƙa wannan tangaɗin duk bayan kwana 305 ko makamancin haka. Aka yi ta nema shekara sama da ɗari ba a gani ba, saboda kowa idonsa yana kan wata goma. Sai a 1888 wani Bajamushe Friedrich Küstner a Berlin ya lura cewa latitud ɗin gidan duban taurarinsu yana canzawa kaɗan kaɗan, abin da a lokacin kamar maganar hauka ce, ta yaya gini zai tashi daga inda yake. Don a raba gardama sai aka tura masu awo Honolulu a 1891, wanda yake kusan a ɗaya gefen duniya daga Berlin, aka ce in matsalar na'ura ce ko iska to ba za a ga wata alaƙa ba, in kuma sandar ce take motsi to duk lokacin da na Berlin ya ƙaru na Honolulu zai ragu. Haka kuwa aka gani. A shekarar dai wani Ba'amurke Seth Carlo Chandler, wanda asalin abincinsa lissafin inshora ne, ya tono tsofaffin awo ya ce ai zagayen ba wata goma ba ne, kusan wata goma sha huɗu ne, yau ana cewa kwana 433, da sunansa ake kiran tangaɗin har gobe. Simon Newcomb ne ya zo ya sasanta shi da Euler, ya ce lissafin bai yi ƙarya ba, duniyar ce ba ƙanƙararra ba, tana ɗan lotsawa ga kuma teku a kanta, shi ya ja kwanakin suka yi tsawo. Daga nan a 1899 aka jera tashoshi shida a kan latitud ɗaya, digiri 39 da minti 8 arewa, don su riƙa kallon taurari iri ɗaya kowane dare: Mizusawa a Japan, Charjui a ƙasar da yanzu ake kira Turkmenistan, Carloforte a wani ɗan tsibiri kusa da Sardiniya, sai uku a Amurka, Gaithersburg da Cincinnati da Ukiah. IERS magajin waɗannan bayin Allah ne, kuma abin da ya fi burge ni da sabis ɗin kenan, ba su zubar da aikin magabata ba, akwai jerin da ake kira C01 da ya koma baya har 1846, duk da dai na farko farkon ba su da kaifi kamar na yanzu.

Yanzu kayan da za ka samu in ka shiga. Akwai Bulletin A, shi ne na gaggawa, yana fita duk ranar Alhamis da awon kwanakin baya da hasashen shekara guda gaba. Bulletin B na wata wata ne, ya fi natsuwa don an jira duk bayanai sun iso an tace. Sai jerin C04 mai lamba ɗaya ga kowace rana tun daga 1962. Amma wanda na fi ɗauka shi ne fayil ɗin finals2000A.all, wanda ya faro daga Janairun 1973 har zuwa yau har da hasashe, kuma duk da haka bai kai megabait 4 ba, ko da ragowar datar ƙarshen wata za ka sauke shi. In datar ma ta yi ƙasa sosai akwai ƙaninsa na kullum mai ɗauke da kwana 90 na baya da 90 na gaba kawai.

To a nan ne makin nan na huɗu ya samo asali. Ka buɗe fayil ɗin, ba gaisuwa ba kanun bayani, lambobi ne kawai jere reras layi kusan dubu ashirin, bayanin me kowane gurbi yake nufi yana cikin wani fayil daban da sai ka nemo shi da kanka. Bari in nuna muku farkon layi guda, na ranar 25 ga Fabrairun 2023, haka yake farawa: 23 225 60000.00 I. Wannan 23 shekara ce, 225 ɗin ba ɗari biyu da ashirin da biyar ba ne, wata na 2 ne da rana ta 25 suka manne da juna saboda kowanne gurbi biyu aka ware masa, in 25 ga Disamba ne ma duka shidan za su haɗe ba sarari ko ɗaya. Shi ya sa in ka jefa shi cikin Excel ka ce ya raba maka da sarari, wasu layukan za su rabu gida uku wasu biyu wasu ɗaya, komai ya dagule, dole sai ka zaɓi rabawa da ƙayyadadden faɗi, ko kuma ka nemi sigar CSV da suke ajiyewa a rumbun bayanansu ka huta. Ita kuma 60000.00 ƙidayar kwanaki ce da masu ilimin taurari suke amfani da ita, wadda ta faro daga 17 ga Nuwamban 1858, ranar dai ta faɗo a kan cikakkiyar lamba ne shi ya sa na zaɓe ta. Harafin I yana nufin an auna an tabbatar, in ka gangara ƙasa wajen kwanakin da ba su zo ba sai ka ga ya koma P, wato hasashe ne, kuma don Allah ɗalibai a riƙa duba wannan harafin kafin a sa lamba a cikin furojet. Bayansa sai x da kuskurensa, y da kuskurensa, wato lambobi biyun da suke nuna inda bakin sandar yake, sannan bambancin agogon juyin duniya da agogon atom, da tsawon ranar, da sauran gyare gyare biyu na wancan kaɗa kan da na ambata.

Su x da y ɗin da sakan na kusurwa ake rubuta su, wato ka raba digiri ɗaya gida 3,600 ka ɗauki ɗaya. A doron ƙasa sakan ɗaya kusan mita 31 ne, saboda haka in ka ga 0.1 ka san ana maganar wajen mita 3 kenan. Wani tarko kuma da ba sa sa masa jan fenti: x yana kallon layin Greenwich ne kamar yadda kowa zai zata, amma y yamma yake kallo, digiri 90 yamma, ba gabas ba. In ka zana su yadda aka koya mana a aji, x dama y sama, zanen zai fito a juye, sai ka ga kamar sandar tana zagaye irin na hannun agogo alhali in daga saman ƙuryar arewa kake kallo akasin haka take yi, tana bin hanyar da duniyar take juyawa.

Amma fa in ka daure ka zana, wallahi duk wahalar ta biya. Ɗauki shekara goma sha biyu ko sama ka sa a jadawali, za ka ga layi yana nannaɗewa, ya buɗe ya yi faɗi sannan ya tsuke ya dawo kusan tsakiya sannan ya sake buɗewa. Dalili shi ne tangaɗi biyu ne suke tafiya tare, na Chandler mai kwana 433 da wani na shekara mai kwana 365 wanda sauyin yanayi yake kawowa, iska ta taru a kan Asiya da sanyi, ƙanƙara ta zuba ta narke, ruwa ya sauya wuri. Kowanne 'yan mitoci ne, wani lokaci su haɗa kai da'irar ta yi girma, wani lokaci su ci karo su kashe juna, kuma wannan buɗewa da tsukewar tana maimaituwa duk bayan shekara shida da 'yan watanni. Ko a lokacin da ta fi buɗewa faɗinta wajen mita 20 ne, mu da muke yanka filaye sai mu ce duk hayaniyar nan bai wuce fuloti guda na ƙafa ɗari ba. Abin da ya daɗe yana ba masana ciwon kai shi ne me ya hana na Chandler mutuwa, don a ƙa'ida ya kamata ya lafa cikin wasu gomman shekaru in ba a ƙara tunzura shi ba. A shekarar 2000 Richard Gross na JPL, wata cibiyar bincike ta NASA, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku daga canjin nauyin ruwa a ƙasan teku ne, sauran kuma daga iska. Kuma ba shi da tabbas ɗan banzan, a shekarun 1920 ya ƙanƙance har ya juya takunsa gaba ɗaya, a 'yan shekarun nan ma wajen 2017 zuwa 2020 ya sake yin laushi sosai, in ka zana wannan tsakanin za ka ga kusan na shekarar ne kaɗai yake aiki.

Sai gusawa, wadda ita ce ta fi jan hankalin 'yan jarida. Ka lura da gurbin y a shekarun nan, ba ya ko kusantar sifili, yana yawo ne tsakanin wajen 0.2 da 0.5. Ma'ana tsakiyar da'irar ita ma ta tashi daga inda aka sa mata alama a farkon ƙarni na 20, ta yi tafiyar mita 10 da ɗoriya, kusan santimita 10 a shekara, ta nufi wajen Kanada. Ɗaya daga cikin manyan dalilan tsohuwar ƙanƙara ce mai kaurin kilomitoci da ta danne arewacin Amurka da Sikandinebiya dubban shekaru da suka wuce, ta narke tuntuni amma har yanzu ƙasar tana ɗagowa a hankali, ga kuma motsin cikin duniya can ƙasa. Sai wajen shekarar 2000 tafiyar ta karya kwana ta yi gabas, kuma binciken Surendra Adhikari da Erik Ivins na 2016 ya danganta hakan da narkewar ƙanƙarar Girinlan da Antatika da kuma raguwar ruwan da ke cikin ƙasa a yankin Turai da Asiya.

Wannan ya kawo ni kan saƙon nan da ya yi ta yawo a WhatsApp wai duniya ta karkace da inci 31.5, wasu har da ƙarin gishiri cewa alƙibla ta canza, wasu su ce shi ya sa damina take latti. Asalin maganar gaskiya ce, bincike ne na 2023 da Ki-Weon Seo na jami'ar Seoul ya jagoranta, suka lissafa cewa ruwan da ɗan adam ya zuƙo daga ƙarƙashin ƙasa tsakanin 1993 da 2010 ya kai tan biliyan 2,150, akasarinsa a yammacin Amurka ta Arewa da arewa maso yammacin Indiya wajen noman rani, ruwan nan ƙarshensa teku, kuma wannan sauya wa nauyi wuri ya tura sandar kusan santimita 80 wajen gabas. Abin mamaki ne ƙwarai a ce burtsatse ya motsa sandar duniya, ban musa ba. Amma santimita 80 cikin shekara 17 ne fa, alhali tangaɗin da take yi kullum cikin wata ɗaya ma yakan fi haka. Batun alƙibla kuwa, malam, Kano da Makka duk a kan ɓawon ƙasa ɗaya suke zaune, tsakaninsu sama da kilomita 3,000, in sandar ta gusa ba Kano ce ta matsa ta bar Makka ba, masallacin da aka daidaita jiya yana nan daidai yau. Abin da yake canzawa kawai shi ne ina ne arewa, shi ma da abin da bai kai sakan ɗaya na kusurwa ba, wanda sahun sallarmu ma bai taɓa miƙewa zuwa wannan matakin ba. Masu kamfas su ne ya kamata su damu, amma da wani abu daban, arewar maganaɗisu, wadda ita tana gudun gomman kilomitoci a shekara daga Kanada ta nufi Saiberiya, kuma ba ruwan IERS da ita. Damina ma haka, karkatar digiri 23.4 da take kawo rani da damina ba ita ake magana ba. In ana neman inda motsin sanda ya taɓa ruwan sama a ƙasarmu da gaske sai a koma wancan dogon zagayen na dubban shekaru, shi ne yake da hannu a lokacin da Sahara take kore shar tafkin Chadi yake kamar teku, zamanin da aka sassaƙa kwalekwalen Dufuna da aka tono a Yobe, mai shekara kusan 8,000. Amfanin sabis irin wannan kenan a wajena ko ga wanda ba safiyo ba, in an turo maka abin tsoro kana da inda za ka je ka ga lambar da idonka.

Ta yaya suke samun lambobin? Ba da madubin hangen taurari irin na su Mizusawa ba kuma, an bar wannan tun shekarun 1980. Yanzu hanya huɗu ake haɗawa. Akwai manyan dish na rediyo a nahiyoyi daban daban da suke sauraron abu ɗaya a lokaci ɗaya, wasu fitilun sama masu nisan biliyoyin shekarun haske da ake kira kwesa, waɗanda saboda tsabar nisa ba a ganin motsinsu, sai a auna da wane ɗan taƙin lokaci siginar ta riga isa wannan dish kafin wancan, wannan ita ce VLBI kuma ita kaɗai ce take iya ba da ainihin agogon juyin duniya ba tare da ta jingina da wani ba, har akwai zaman awa guda da ake yi kusan kullum tsakanin Wettzell a Jamus da Kokee Park a Hawai don wannan kaɗai. Akwai harba hasken lesa zuwa tauraron ɗan adam a jira ya dawo, wanda ya fi suna shi ne LAGEOS da aka harba a 1976, dunƙulen ƙarfe ne mai faɗin santimita 60 da nauyin kilo 400 da 'yan kai, an lulluɓe shi da madubai 426, ba batir ba inji ba komai, yana can sama wajen kilomita 5,900 yana aikinsa har yau. Sai tashoshin GPS da 'yan uwansa da suke warwatse a duniya, waɗanda su ne suke ɗauke da mafi yawan nauyin x da y na kullum, da kuma tsarin Faransawa mai suna DORIS. In an haɗa duka ana sanin inda bakin sandar yake da kuskuren 'yan milimita. A Afirka sunan da za ka fi cin karo da shi a jerin manyan tashoshin shi ne Hartebeesthoek a Afirka ta Kudu, kuma duk wanda ya kalli taswirar zai ga nahiyarmu da kudancin duniya gaba ɗaya ba su da yawan tashoshi kamar Turai. Muna da cibiyar nazarin awon ƙasa da motsinta a Toro ta jihar Bauchi ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta Najeriya, ni dai fatana wata rana in ga ƙaton dish na VLBI a irin wannan wurin, don gurbin da ke tsakiyar Afirka a taswirar nan babba ne.

Wa ya kamata ya damu da shiga da kansa? Gaskiya in aikinka yanka fuloti ne da ƙaramar na'ura ko neman hanya da waya, ba sai ka je ba, an riga an dafa maka a cikin siginar. Amma mai lissafin hanyar tauraron ɗan adam, da mai kafa manyan wuraren awo na ƙasa, da ɗalibin da yake juya bayanai daga ma'aunin taurari zuwa ma'aunin ƙasa, waɗannan ba makawa. Ka duba, a kan layin ikweta da ya raba duniya arewa da kudu, ƙasa tana gudun kusan mita 465 a sakan, a Kano ma da take digiri 12 kusan 455 ne, saboda haka kuskuren milisakan ɗaya tak a agogon juyi ya zama kusan rabin mita a ƙasa. Har ƙasar da muke takawa tana ɗan hawa da sauka saboda tangaɗin, a wajen latitud digiri 45 yakan kai santimita 2 da ɗan wani abu, a wajenmu bai fi ɗaya ba, kuma manhajojin kirki suna cire shi da waɗannan lambobin. Masu rubuta Python da Astropy su sani cewa ita da kanta take zuwa ta sauko da fayil ɗin nan idan ta ga nata ya tsufa, to in kana inda sabis yake wasan ɓuya sai ka ga lissafi ya tsaya cak kana zaton kwamfutar ce, gara ka sauke shi tun kana gari ka kashe mata saukewar kai tsaye kafin ka shiga daji.

Hasashensu ma a yi masa adalci amma kar a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Na kwana biyu uku yana da kyau sosai, na wata shida kuwa musamman ɓangaren agogo sai a hankali, saboda iska ce take tuƙa shi, shekarar El Nino, lokacin da ruwan tekun Pasifik yake ɗumama fiye da kima, rana takan ƙara tsawo kaɗan, kuma ba wanda ya san iskar wata shida. Su ma ba su ɓoye ba, a cikin Bulletin A suna rubuta yadda kuskuren yake girma da yawan kwanaki. Abin da dai zan so su ƙara shi ne shafi ɗaya na sabon shiga da zai ce in kaza kake nema ɗauki wannan fayil ɗin, don yanzu kayan a rarrabe suke tsakanin Frankfurt da Paris da Washinton, sunayen fayilolin kuma sun yi kama da juna, akwai finals akwai finals2000A, in ba ka san cewa bambancinsu tsohon tsari da sabon tsarin lissafin kaɗa kai ba ne sai ka ɗauki wanda manhajarka ba ta so. Shafin Paris yana da wajen da za ka sa shekarun da kake so ya zana maka nan take, wanda ba ya son wahalar Excel ya fara daga can.

Na bar Bulletin C a ƙarshe don shi ne abin dariyar cikinsu. Sau biyu a shekara yake fita, Janairu da Yuli, 'yan layuka ne da ba su cika shafi ba, an rubuta shi zuwa ga hukumomin da ke da alhakin auna lokaci da rarraba shi, kuma abin da yake faɗa kawai shi ne za a ƙara sakan ɗaya a agogon duniya ko ba za a ƙara ba, don kar ratar agogon atom da juyin ƙasa ta wuce sakan 0.9. Tun 1972 an ƙara sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamban 2016, wanda a agogonmu na Najeriya da Nijar ya faɗo ƙarfe 12:59 da sakan 60 na daren 1 ga Janairun 2017. Tun daga nan duk fitowa amsa ɗaya ce, ba ƙari, saboda duniyar ta ɗan ƙara sauri, ranar 5 ga Yulin 2024 ma ta gaza cika awa 24 da milisakan 1.66, har ana tattauna yiwuwar a karon farko a cire sakan maimakon a ƙara, abin da masu kula da manyan kwamfutoci ba sa ko son ji don ba a taɓa gwada shi ba. A 2022 babban taron ma'aunai na duniya ya yanke cewa nan da 2035 za a daina wannan ƙarin sakan ɗin yadda ake yinsa yanzu. Ana iya sa adireshin imel a riƙa turo maka shi, shi ma kyauta.